Yarinyar da Ba Ta Amsa Kira

Aikin Zulkifilu Maitama ƙirga 'ya'yan mutane ne. Kullum bayan sallar asuba sai ya baro gida a garin Woodbridge na ƙasar Amurka, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Alexandria, ya zauna gaban kwamfuta a wani ofishin bincike yana tace alƙaluman da hukumar ƙidayar jama'a take fitarwa duk shekara. Rahoton da aka ɗora masa bana na ƙananan yara ne masu koyon Turanci: wane yare ake yi a gidajensu, iyayensu sun yi karatu ko ba su yi ba, mutum nawa suke kwana a ɗaki ɗaya. Ko cikin barci ka tashe shi zai zayyano maka su jiha-jiha.

Sai dai ita ƙidayar ba ta tambayar yadda yaron da bai kai shekara biyar ba yake jin Turanci. Don haka manyan gidan yake dubawa. In akwai babba ko da guda ɗaya da ya iya Turanci sosai, sai ya jefa yaron a layin waɗanda ba a damu da su ba. A wannan layin gidansa yake, yana ma alfahari da haka. Shi mai digiri biyu ne, matarsa Tayyiba kuma ma'aikaciyar jinya. Abin da alƙaluman ba sa faɗa shi ne wanda yake gida da rana. A gidan Zulkifilu, Hajiya ce, mahaifiyarsa, wadda aka ɗauko daga Funtuwa tun haihuwar 'yarsu Afnan, kuma Turancinta bai wuce gaisuwa ba. A bayanta Afnan ta girma, a bakinta ta koyi magana.

Ba a daɗe da sa Afnan ajin 'yan shekara huɗu ba, malamarsu ta kira Tayyiba a waya. Ta ce 'yarsu ba ta magana, ba ta kallon idon mutum, in an kira ta ko waiwayowa ba ta yi. Tana son su zo su gani da idonsu, sannan a sa ranar da za a auna jinta da fahimtarta.

Zulkifilu ya dawo daga aiki ya ji labari. Ya yi ta gwada yarinyar a gida, ya laɓe bayan ƙofa ya raɗa "Afnan", ta sheƙo a guje. Kunne dai lafiya lau. To, in ba kunne ba ne, me ya rage? Mutumin da ya wuni yana karanta halin yaran da Turanci ya yi wa nisa, ai ba sai an gaya masa ba. Ya yanke hukunci a tsaye a kicin, da muryar nan tasa ta mitin.

"Daga yau babu Hausa da yarinyar nan. Turanci kawai, har bakinta ya buɗe."

"Baban Afnan, Hajiya fa?" in ji Tayyiba. "Da wane bakin za ta yi mata magana?"

"Na ɗan lokaci ne."

Ashe Hajiya tana falo, ta ji komai. Ba ta yi musu ba, kuma wannan ya fi musun ciwo. Ta dai kama bakinta. Afnan za ta zo ta ja mata zani tana roƙon tatsuniya, sai ta shafa kanta ta nuna mata talabijin. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firiji ake ji. Bayan 'yan kwanaki ta kira ɗanta ɗaki.

"Ka nema mini tikiti," ta ce. "In ni na ɗaure wa yarinyar nan harshe, gara in koma gida. Ba zan iya zama ina kallonta ban ce mata komai ba."

Ya ba ta haƙuri, ya ce ta bari a je makarantar tukuna. Ta ce to, amma ta sa Tayyiba ta sauko mata da akwati. Shi kuwa abin kunyar, a can ƙasan ransa bai tabbata tafiyar tata ba ita ce maganin ba. Wannan tunanin ya hana shi sakat, don yana son uwarsa, kuma yana tsoron makomar 'yarsa.

Ranar zuwa makaranta ya ɗauki hutun safiya. Malama Linda, wata dattijuwa mai fara'a, ta zaunar da su a bayan aji kan kujerun yara, gwiwar Zulkifilu har tana neman haɓarsa. Afnan tana can gefen taga, ta juya baya tana jera wasu katakai. Malamar ta ce musu su lura, sannan ta ɗaga murya.

"Hasiya! Zo nan, Hasiya."

Yarinya ko gezau. Tayyiba ce ta zabura, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, kamar surukarta ce ta shigo ajin. Shi ma Zulkifilu sai da ya kawar da kai, don sunan mahaifiyarsa ne wata baƙuwa take rangaɗawa haka gatsal a gaban yara.

Sai kuma abin ya faɗo masa. Sunan Hajiya aka sa wa yarinyar, shi ne a takardar haihuwarta, da shi kuma ya yi mata rajista ba tare da ya yi wani tunani ba. Amma wa zai kira wannan suna a gidan? Shi ba ya faɗar sunan uwarsa, Tayyiba kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗi na surukarta ba. Tun ranar suna aka laƙaba mata Afnan. Yarinyar ba ta taɓa jin an kira ta Hasiya ba.

"Afnan," ya ce a hankali.

Ta waiwayo, ta watsar da katakan, ta faɗo jikinsa. Sai ga Hausa kamar an ɓalle famfo: wani yaro ya ƙwace mata fensir, kifin da ke cikin kwalba ba ya barci, madarar nan babu sukari. Malama Linda ta saki baki tana kallo.

Ya yi mata bayani da Turancinsa mai kyau, yana ta kewaye-kewaye don kada sunan ya fita daga bakinsa. Malamar ta dafe ƙirji.

"Shekara huɗu ba ta san sunanta ba?"

"Liman ya faɗa sau ɗaya," in ji shi. "Lokacin tana da mako guda."

Malamar ta yi dariya har da hawaye, ta ba su haƙuri, su ma suka ba ta. Ta durƙusa ta gwada: "Afnan?" Yarinya ta ce "Na'am," ta sunkuyar da kai. Tayyiba ta ce wannan ma ba ciwo ba ne, ladabin kakarta ne, yaro ba ya zuba wa babba ido. Malamar ta ce wa Afnan da Turanci ta kawo mata jan katako. Afnan ta je ta ɗauko, ta miƙa da hannu biyu.

"Turancinta da saura, amma tana ji, zai zo," in ji Malama Linda. "Za mu auna kunnen dai don mu cika ƙa'ida. Wanda duk yake yi mata wannan yaren, don Allah kada ya daina. Yaron da ya iya ba da labari haka ba ya ba ni tsoro."

Zulkifilu ya yi wata ajiyar zuciya da ya daɗe bai yi irinta ba. Daɗi ya kama shi, kunya ma ta kama shi, amma daɗin ya fi yawa. Ya buga waya ofis ya ce yau kam kada su jira shi, suka zauna har aka tashi yaran da rana.

A mota Afnan ta leƙo daga kujerarta ta baya.

"Baba, wace ce Hasiya? Kullum Malama sai ta yi ta kiranta, ita kuma ba ta zuwa makaranta. Ko ba ta da lafiya ne?"

Tayyiba ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Zulkifilu ya ce ta bari su isa gida, akwai wadda ta san ta.

Suka tarar da Hajiya zaune a bakin gado, akwati a buɗe, tana ninke atamfofi. Ya durƙusa a gabanta ya gaya mata komai, ya ce laifinsa ne, ta yafe masa. Hajiya ta share ido da gefen ɗankwali. Afnan kuwa ta haye cinyarta ta maimaita tambayar, tana jiran a sake nuna mata talabijin.

"Hasiya?" in ji Hajiya, muryarta a dushe saboda daɗewar shiru. "Ai na san ta, takwara. Wata tsohuwa ce, malalaciya, ta fi shekara sittin tana makara. Ki ce wa malamarku ta yi haƙuri. Gobe ke za ki riƙe hannunta ki kai ta."