Nonon Dutsen Mashekari

Tun da aka kawo Inna Altine Gude tana amarya, ba ta taɓa fashin hawan Dutsen Mashekari ba. Dutsen yana can bayan Kutama, baƙi mai faɗin kai, da wata tsohuwar tsamiya a bisansa. A gindinsa kakanninsu suka fara kafa ruga, kafin jikoki su watse, wasu su kama noma a Gude, wasu a Getso, wasu su shige Kano. Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, sai zuriyar ta taru a wurin yini guda. A ci, a sha, a ga juna, dattawa su hau kan dutsen su roƙi Allah damina mai albarka. Al'adar kuwa ita ce, kowane gida mace ɗaya za ta ɗora ƙwaryar kindirmo a ka, ta hau da ita har gindin tsamiya, ta sauke a gaban dattawa a dama fura. Kowa yana cewa ba gasa ba ce, amma babu matar da ba ta san idon jama'a yana kan ƙwaryarta ba.

Ita Altine an san ta a wannan hawan. Ko da miji ya rasu, ko da furfura ta cika kai, ƙwaryarta cike take isa, ɗigo ba ya zuba. Bana ne gwiwa ta ce ta gaji. Tun tsakiyar bazara ta kumbura, har sallah sai a zaune. 'Ya'yanta mata kuwa duk aure ya kai su nesa, mafi kusa tana Zariya tana jego. Macen da ta rage a gidan ita ce Zinnira, matar autanta Badaruddeen.

Zinnira 'yar cikin garin Gwarzo ce. Mahaifinta atamfa yake sayarwa a kasuwa, ita kuma tana koyarwa a firamare. Yarinya ce mai ladabi, Altine ba ta da abin faɗa a kanta, sai dai ko tulu ba ta taɓa ganin ta ɗora a ka ba. Ranar da ta fara shiga garke, wata karsana ta yi atishawa, ta zura da gudu har ta bar takalmi.

Wata safiya Altine tana zaune a tabarma tana shafa man zafi, Zinnira ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi kwanan jiki, sannan ta ƙi tashi.

"Inna, na ji kina cewa bana gidanmu ba zai kai nono ba."

"To da ƙafar wa za a kai?"

"Da tawa, in kin yarda."

Altine ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, dutse ne fa, ba matakalar makaranta ba. In kika zubar a gaban jama'a, ba sunanki za a kira ba, nawa za a kira."

"Shi ya sa nake so ki koya mini, Inna."

Altine ta ci gaba da shafa man zafinta. Da la'asar ne saƙo ya iso daga Getso, daga taubashiyarta Asibi, wadda tun suna 'yan mata suke tsokanar juna. Wai a gaida Altine da ƙafa, kuma in babu mai ɗaukar mata ƙwarya, kada ta ji kunya, ta zuba nonon a galan a hau da shi a babur. Altine ta saurari saƙon har ƙarshe, ta sallami ɗan aike da goro, sannan ta ɗaga murya.

"Zinnira! Ɗauko tsohuwar ƙwaryar can ta bayan rumbu, ki ciko ta da ruwa."

Haka aka fara. Kullum in Zinnira ta taso daga makaranta sai ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwaryar ruwa, ta yi ta zagaya tsakar gida, Altine tana zaune da sanda tana nuni. Wuya ya tsaya, ido a gaba, ƙugu ne yake tafiya ba kafaɗa ba. Ranar farko ta jiƙe sharkaf, matan maƙwabta suna leƙe ta kan danga suna dariya. Ta fasa ƙwarya ɗaya, ta tsaga wata. Da ta fara iyawa, Altine ta sa ta hawa turmin da aka kifa tana sauka, daga nan kuma tudun bakin rafi. Akwai daren da Badaruddeen ya zo yana roƙon a sassauta, wai wuyan matarsa ya sage.

"Ita ta aiko ka?" in ji Altine.

"A'a, Inna."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ruwa ya sauka, aka sa rana. Altine da kanta ta tsaya aka tatsi farar saniyarta, ta dafa madarar, ta zuba a babbar ƙwaryarta mai zane, ta rufe da sabon faifai. Da gari ya waye kindirmon ya kama, har cokali yana tsayawa a ciki.

Suka tafi a akori-kura, Altine a gaba da ƙwaryar a cinya. Kafin hantsi gindin dutsen ya cika. Ga 'yan Kano da motocinsu da kuloli, ga 'yan ƙauye da tabarmi da tukwane, yara suna ta tsalle a sabuwar ciyawa. Masu tsire sun kafa tukuba, wani yana busa sarewa, samari sun kawo bijimai an shafe musu ƙaho da mai. Gaisuwa kuwa ba ta ƙarewa, kowa sai ya tambayi gida da yara da shanu da ruwa. Asibi ta iso tana taku ɗai-ɗai, bayanta 'yarta Badi'a, doguwa, wadda a garke ta tashi, kuma ita ce bara ta fara isa tsamiya.

"Altine, ashe da gaske malamar makaranta za ki ɗora wa? Allah ya sa ta taho da alli, ta rubuta mana inda nonon ya zube."

"Ke dai ki tanadi ludayi," in ji Altine.

Bakinta ne kawai ya faɗa, idonta kuwa yana kan hanyar hawan. An yi yayyafi da asuba, dutsen yana ta sheƙi.

Dattawa suka riga suka hau. Aka yi guɗa, mata suka jeru, kowacce da ƙwarya a ka, suka kama hanya. Zinnira ta tuɓe takalmi kamar yadda aka koya mata, ta bi sahu a can ƙarshe. Daga inda Altine take zaune tana hango su sarai. Badi'a ce a gaba, ko hannu ba ta sa wa ƙwaryarta ba. Zinnira kuwa a hankali take tafiya, har tazara ta buɗe tsakaninta da ta gabanta.

Kusa da ƙarshen hawan akwai wani matsattsen wuri da ruwa yake bi, gansakuka ta kama shi. A nan ƙafar Badi'a ta zame. Ta faɗi zaune, ta cafe ƙwaryar ba ta fashe ba, amma nonon duk ya tafi, ya gangaro fari fat a kan baƙin dutse, kowa yana gani. Jama'a suka ɗauki salati. Asibi ta dafe ƙirji. Matan da ke biye suka riƙa raɓawa suna yi mata sannu, babu mai iya sunkuyawa da kaya a ka a wannan santsin. Badi'a ta zauna a gefe da ƙwarya wayam, ta rufe fuska da gyale. Hawa ba nono abin kunya ne, saukowa kuma ta fi.

Sai ga Zinnira ta iso. Maimakon ta raɓa ta wuce, sai ta tsaya.

"Wuce mana!" Altine ta faɗa da ƙarfi, kamar za a ji ta daga can. "Wuce, 'yar nan!"

Zinnira ta durƙusa sannu a hankali, wuya a tsaye, ta sa hannu biyu ta sauke ƙwaryar a cinyarta. Ta buɗe faifai, ta jawo ƙwaryar Badi'a, ta tuttula mata rabin kindirmon. Suka ɗan yi magana, Badi'a tana girgiza kai, Zinnira tana gyara mata gammo. Daga nan suka ɗora wa juna, suka miƙe, suka ci gaba.

Ran Altine ya ɓaci. Nonon farar saniyarta, rabi a ƙwaryar gidan Asibi, ita kuma tata za ta isa gaban dattawa da rabi, abin da ba a taɓa yi ba. Ta rarumi sanda.

"Badaruddeen, zo ka kai ni sama."

"Inna, ƙafarki fa?"

"Ƙafarka ce?"

Ta bayan dutsen akwai hanyar shanu, mai nisa amma ba tsayi. Ta nan suka bi, tana dafe da kafaɗarsa, tana cije leɓe, tana shirya faɗan da za ta yi. Ko da suka isa, an jera ƙore a gindin tsamiya, Baba Dabo, babban dattijon zuriyar, yana bi yana buɗe faifai yana sa albarka. Ya zo kan ta gidan Altine ya leƙa.

"Wannan ta gidan marigayi Nata'ala ce ko? Shanunku sun ƙafe ne bana?"

Zinnira tana durƙushe, kai a ƙasa. "A hanya ya ragu, Baba."

"Ba haka ba ne, Baba," in ji Badi'a. "Nawa ne ya zube duka. Abin da ke cikin ƙwaryata nata ne."

"Na gani," in ji Baba Dabo. "Ido ne ya rage mini, kuma daga nan ana hango ko'ina. So nake in ji abin da za ta ce."

Ya juya ga jama'a. Ya ce shekarar da ciwo ya kashe shanun mahaifinsa, yana yaro, a gindin dutsen nan dangi suka taru, kowa ya kamo saniya guda ya ɗaure musu a turke, ba wanda ya tsaya jiran godiya. Ya ce dalilin taron ke nan tun asali, nonon shaida ce kawai, kuma ya daɗe yana zaton abin ya bi masu shi kabari.

"'Yar wane ne ke?" ya tambayi Zinnira.

"Daga Gwarzo nake, Baba. Mahaifina ɗan kasuwa ne."

"Daga yau ke 'yar Mashekari ce. Miƙo mini ludayi, da wannan za a fara."

Guɗa ta tashi a kan dutsen, na ƙasa suka amsa ba su ma san dalili ba. Altine tana tsaye, ta nemi faɗan da ta hau da shi ta rasa. Idonta ya ciko. Ta gyara tsayuwa, ta saki kafaɗar ɗanta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Surukata ce. Ni na koya mata."

Zinnira ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Aka yi addu'a, aka dama fura, aka sha har aka raba wa baƙi. Da za a sauko, samari suka so su ɗauki Altine, ta ce ba ta mutu ba tukuna. A ƙasa Asibi tana jira, ta kama hannun Zinnira ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba, tana ta sa mata albarka. Sannan ta juyo ga taubashiyarta.

"Ke kuma na ji kina cewa ke kika koya mata. Ɗaukar ƙwarya dai na yarda. Amma kyauta? Altine, yaushe kika fara?"

"Ki sha nonon saniyata, ki kuma zage ni?"

"Ya ɗan yi tsami ma."

Aka kwashe da dariya, har da Altine.

Gwiwar ta rama hawan da aka yi da ita, don sai da Altine ta yi kwanaki ba ta taka ba. Amma ba ta rasa abin yi ba. Duk wanda ya shigo duba ta, kafin ya gama tambayar jiki ta fara ba shi labari, kuma kullum santsin yana ƙaruwa, dutsen yana ƙara tsayi. Ranar da aka fita shuka gero, tana zaune a zaure ta tare mai tallan manja, mutumin da bai san kowa a zuriyar ba, ta zaunar da shi ya ji tun daga farko.