Ƙishirwar Ummulkhairi

Kafin ciwon ya same ta, babu wanda ya san Ummulkhairi da zama. Ita ke turara shinkafa a ƙauyensu na bayan Bunkure, kullum ganguna a kan wuta, masu a-daidaita na zarya tsakanin ƙofarta da injinan casa na Kura. Ana tsaka da girbin rani ta faɗi a gindin murhu. Da aka sallamo ta daga asibiti a Kano, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Ɗanta Jamaluddeen ya sayo katifa da fanka mai sola, ya kuma kafa doka: kada Inna ta ɗaga ko cokali. Matarsa Khaulat ce ke ba ta abinci a baki, ta yi mata alwala, ta tallafe ta zuwa bayi, ga tsohon ciki. Zuwa bayin nan ne Ummulkhairi ta kasa jurewa. Surukar da ko dariya ba ta yi da ƙarfi a gabanta, yau ita ke kwance mata zani. Sai ta daina shan ruwa. In an kawo kofi, ta jiƙa leɓe ta ce ta ƙoshi. Tana kwance tana jin injinan ban-ruwa a bakin kanal, maƙogwaronta a bushe ƙamas.

Wata Laraba Sumayya ta zo, ma'aikaciya ce daga asibitin. Jamaluddeen ya ɗauka gashin ƙafa za ta yi.

"Masu gashi daban," in ji ta. "Ni aikina in ga yadda Mama za ta koma yi wa kanta hidimarta, wanka, sa kaya, cin abinci, da jikin da take da shi yanzu."

Ta duba tsayin gado, ta leƙa bayi, ta taka dokin ƙofa. Sannan ta roƙi a ba su wuri, ta zauna dab da Ummulkhairi.

"Mama, leɓenki ya tsage. Me ya hana ki shan ruwa?"

Ummulkhairi ta juya fuska bango. Can ta ce, da harshenta mai nauyi, "Yarinyar nan... da cikinta."

Sumayya ba ta ƙara tambaya ba. Ta nuna mata yadda za ta mirgina, ta dogara da hannun hagu ta tashi zaune. Ummulkhairi ta faɗi, ta sake gwadawa, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, amma ta zauna ba wanda ya taɓa ta.

A zaure Sumayya ta zayyana wa Jamaluddeen abin da ake bukata. Kafinta ya huda kujera a ɗora a bayi, a kafa bututun ƙarfe jikin katanga daga ɗaki har can don ta riƙa dafawa, a fasa dokin ƙofa. Kuma a bar ta ta ci abinci da hagu.

"Da hagu? Ina raye?" Ya girgiza kai. "Masu dubiya su shigo su ga mahaifiyata tana bin bango, matata na zaune? Me za a ce da ni a garin nan?"

"Malam, duk abin da kuka yi mata alhali za ta iya, rage mata ƙarfi kuke yi."

Ummulkhairi na jiyo su ta taga. Ta so ta ɗaga murya, muryar ba ta kai ko tsakar gida ba.

Ya yarda da kujera kawai, ita ma a cikin ɗaki, bayan labule, da bokiti a ƙasa. Ummulkhairi ta koyi jan jiki daga gado zuwa kan kujerar, ta koyi ɗaura zani da hannu ɗaya, ta koma shan ruwa. Sai dai tunda kujerar ta shigo, dalilin fito da ita waje ya ƙare.

Bayan Khaulat ta haihu, Sumayya ta bugo waya, aka kara wa Ummulkhairi a kunne.

"Mama, kin fita tsakar gida kuwa?"

Jamaluddeen na tsaye a kanta riƙe da wayar, yana mata murmushi.

"Tukuna, 'yar nan," ta ce. "Suna kula da ni sosai."