Mashayar Labbo

Shekarar fari, 'yan'uwan Labbo suka kora shanu kudu, suka bar shi a rugarsu ta bayan Zugu saboda ciwon ƙafa. Da zama ya ishe shi, sai ya kwantar da wani tsohon ƙyaure ya gina mashayarsu a kai: tafki kamar tafin hannu, da ƙananan shanun yumɓu, kowace da ƙaho irin na wadda ta tafi.

Lakar bakin tafkin ce ta hana shi sakat. In ya yayyafa ruwa, kafin ya juya ta bushe ta tsattsage. Ya shafa man shanu, tururuwa suka yi mata caa. Ya yi ta zaginsu shi kaɗai.

Wata Juma'a ya tarar da Malam Shitu, limamin gari, yana rubutu.

"Malam, mi ka sa tawadar nan ƙyalli bayan ta bushe?"

"Ƙaro na, Labbo."

Da Labbo ya koma ruga, ya jiƙa ƙaro ya kwaɓa da baƙar laka, ya fitar da sawun kofato da tsinke, ya ɗiga mai kauri cikin kowane sawu. Ta bushe ƙamas, amma tana sheƙi kamar yanzu garke ya fito daga ruwa.

Ba wanda zai nuna wa. Sai wata kurciya ta sauko, ta ratsa tsakanin shanun, ta kai baki cikin tafkin za ta sha ruwa. Ta sake kaiwa. Sannan ta tashi ta yi kudu.

Labbo ya bi ta da kallo.

"Ki ce musu na gyara mashaya," in ji shi.