Bandir ɗin da Na Jiƙa

Ni dai ban yi nisa a karatu ba. Ina shekara goma sha huɗu na shiga masaƙa, a can kuma na tsufa. Abin da zan rubuta ya faru ne a nan Fécamp, garinmu na bakin teku a Faransa, ranar da ɗana Thibaut ya cika shekara ɗaya da rasuwa.

Thibaut maƙerin jiragen ruwa ne, shi da abokinsa Gaspard. Sauran maƙera da zaren gilashi suke aiki, shi kuwa ya ce lilin ɗin da ake nomawa a bayan gidanmu ya ishe shi. Sai a shimfiɗa saƙar lilin falle kan falle, a ɗura mata ruwan danƙo, ta sha, ta daskare kamar ƙashi. Shekara uku yana kan aikin jirgi ɗaya. Saura gindinsa kawai, inda ake ɗaura ƙarfen da ke hana jirgi kifewa, zuciyarsa ta tsaya. Da almakashi a hannu ya faɗi.

'Yarsa Solène, mai kirana Mamie, wato kaka, ta ce ita za ta ƙarasa. Ta ce ranar da ya cika shekara za ta sa jirgin a ruwa, ta haye da shi Ingila ita kaɗai, yadda uban ya yi niyya.

Bandir ɗaya na saƙar ya rage a gidana, a ɗakinsa na sama. Yana cikin leda a liƙe, Thibaut ya rubuta kwanan wata a jiki da kalma ɗaya: shirye. Sati biyu da binne shi na hau na farke ledar. Ƙanshin hannunsa nake nema. Da na taɓa saƙar sai na ji ta bushe ƙayau, har tana kartar yatsa. Raina ya ɓaci. Uwata a ɗakin ƙasa take saƙa, inda bango ke gumi, don lilin ba ya son fari. In ya bushe karyewa yake, in ya sha laima sai ya yi laushi ya ƙara ƙarfi. Duk wadda ta taɓa zama gaban masaƙa ta san wannan. Na sauko da bandir ɗin ɗakin ƙasa, kusa da gangunan tuffa. Duk Lahadi in na dawo coci sai in yayyafa masa ruwa da yatsu. Haka na yi har sanyi ya wuce. Shi ne abu ɗaya da ya rage da zan iya yi wa ɗana.

Ranar da Solène ta bugo ta ce za ta zo ɗauka, kunya ta kama ni, kada ta ga na taɓa kayan ubanta. Na mayar da shi ledarsa, na liƙe tsaf, rubutunsa a sama.

Ranar bikin sa jirgin a ruwa, ruwan teku zai cika tashar jiragen da ƙarfe sha ɗaya. Tun tara na isa da kek ɗin tuffa da butar kofi. Jirgin na rataye a jikin injin ɗaga kaya, da ɗamara biyu a cikinsa. Ba a yi masa fenti daga sama ba, ana ganin saƙar ta cikin danƙon, launin zuma. Ƙasan ne kawai aka shafa baƙi.

"Madam Odile!" in ji Gaspard. "Kek kika kawo, ko kin zo duba ko mun iya saƙa?"

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya ɗinkewa?"

"Shi ya sa nake ta roƙo ki aure ni."

"Je ka wanke hannu tukun."

Ina yanka kek ɗin, sai wata mata daga jaridar gari ta tsare Gaspard da tambaya. Ta ce ashe tsumma zai iya riƙe teku? Gaspard ya buɗe baki, dama abin da yake so ke nan.

"Ya fi ki ƙarfi, baiwar Allah. Abu ɗaya ne maƙiyinsa, laima. Kowane bandir sai ya kwana biyu a ɗakin zafi, mu liƙe shi a leda. In da ɗigon laima a zaren, danƙo ba zai kama shi ba. Daga waje ki gan shi sumul, ciki kuwa duk kumfa. Teku ta yi masa mari biyu, sai ya buɗe kamar littafi."

Wuƙar ta tsaya a hannuna.

Na duba agogon tasha, goma da kwata. Fada, limamin cocinmu, ya iso da ruwan albarka. Solène na tsaye cikin rigar ruwan ubanta, ta naɗe hannuwan sau biyu don ta yi mata yawa, tana dariya. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin jana'iza.

Na ce wa kaina ai wata nawa ke nan, ya bushe. Na ce wataƙila ba su ma yi aiki da shi ba. Na zuba wa mutum uku kofi, na zubar da na huɗu a kan takalmin Fada.

Na matsa kusa da ita. "Solène, bandir ɗin nan na gidana, ina kuka sa shi?"

"A gindi, Mamie. Ni da kaina na shimfiɗa, Gaspard na asibiti da gwiwarsa. Na Papa na ƙarshe, shi zai riƙe ƙarfen." Ta sumbace ni a goshi. "Kin yi fari. Zauna mana."

Mai injin ya tayar. Ɗamarar ta yi ƙara, jirgin ya fara juyawa wajen ruwa.

Ban san lokacin da na shiga ƙarƙashinsa ba. Na ji ana ihu, na ji mai injin yana zagi, injin ya mutu. Ina tsaye, jirgin na lilo a kaina, da cokalin kofi a hannu.

"Mamie! Kin haukace? Fito!"

"Na jiƙa shi," na ce.

"Kin jiƙa me?"

"Bandir ɗin. Na buɗe ledar. A ɗakin ƙasa ya yi sanyin bana, duk Lahadi ina ba shi ruwa. Ni na mayar na liƙe."

Kowa ya ji. Mutum kusan arba'in, har da mai jarida.

Solène ta ce, a hankali, "Ƙarya ne. Ba kya so in tafi ne. Tun farko ba kya so."

"Ba na so ki tafi, gaskiya ne. Amma na jiƙa shi."

"Na duba shi da idona! Gaspard, gaya mata. Saura minti ashirin ruwa ya fara janyewa, gaya mata!"

Gaspard bai kalle ta ba. Ya ɗingiso ya shigo ƙarƙashin jirgin, ya miƙo hannu, na ba shi cokalin. Ya fara daga gaba, inda Thibaut ya yi, yana ƙwanƙwasawa da bayan cokali. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar a kan faranti. Yana tafe taƙi-taƙi. Da ya zo dab da ƙarfen sai sautin ya sauya. Buf. Kamar an bugi burodi.

Ya sake. Buf.

"Nan ban taɓa bugawa ba," ya ce. "Aikinki ne, 'yata. Ban so ki ga kamar ina bin bayanki."

Ta fizge cokalin ta buga da kanta, sau ɗaya, sau biyu, har ya lanƙwashe. Sannan ta zaro wuƙar da ke ɗamararta ta caka a wurin. Bai kamata wuƙar ta shiga ba. Ta shiga. Ta ɓanɓaro, fallayen suka rabu, fari fat a ciki, ko danƙo bai taɓa wasu ba. Ta kai hanci. Ni ma daga inda nake na ji. Warin ɗakin ƙasana ne, da tuffa.

Ba ta yi kuka ba. Ta tuɓe rigar ubanta ta ninke, ta ce wa mai injin ya mayar da jirgin kan katakai. Da za ta wuce ni ta ce, "Abu ɗaya ya bari bai gama ba. Ɗaya."

Ruwa ya cika, ya janye. Mutane suka watse da kek a hannu.

Sati bakwai ba ta ɗaga wayata ba. A coci sai ta zauna can baya. Gaspard ne ke zuwa ya ce sun yanke gindin gaba ɗaya, babu sauran zaren da Thibaut ya taɓa a wurin.

Ran wata Talata na ji mota a ƙofa. Solène ce. Ba ta shigo ba, daga tagar motar ta yi magana.

"Mun gama. Gaspard ya ce kunnensa ya tsufa." Tana kallon sitiyari. "Ɗauko cokali, Mamie. Mai ƙarfi, ba irin wancan ba."

Na ɗauko na miya. Ranar tun daga hancin jirgin har wutsiya na bi, taƙi-taƙi, a durƙushe, gwiwoyina na ciwo. Tana biye da ni. Da na zo gindin na buga sau uku, na tsaya, na sake bugawa. Ƙas, ƙas, ƙas.