Baƙin Alhaji Jibo Sun Yarda Ƙwarai

Cikin Talata uku Husaina Jibo ta gama tattara bayanan kundinta, aikin da 'yan ajinsu ke kwashe zango guda suna fama da shi, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a sashen nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa. Batun da aka amince mata shi ne yadda rufe iyakar Nijar, wadda a lokacin take rufe, ya shafi fatauci a kasuwar Talatar Mafara.

Sa'a har gida ta same ta. Mahaifinta, Alhaji Jibo, fatoma ne, mai saukar da fatake. Duk jajibirin kasuwa zaurensa cike yake da Buzaye da Adarawa masu kanwa da dabino da raguna. Shi ke ba su makwanci, shi ke tsaya musu in rigima ta tashi, kamar yadda ubansa ya yi wa iyayensu.

Dakta Bello, malamin da ke duba aikinta, ya ba ta takardar tambayoyi irin wadda yake ba kowa: jimloli ashirin, gaban kowace akwati biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". A jami'a ana girmama takardar nan kamar sikelin asibiti. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya auna sikelin.

Husaina ta zauna a bakin zaure kusa da mahaifinta, ta riƙa karanta wa baƙi ɗaya bayan ɗaya. "Rufe iyaka ya tsayar da fatauci tsakanin Nijar da Nijeriya."

"Haka yake, ɗiyar maigida," in ji Agali, tsohon madugun Buzayen, yana gyara rawani. Ta sa alama a akwatin farko. Mutum arba'in, amsa ɗaya. Dakta Bello da ya gani sai ya ce rabonsa da sakamako mai tsabta haka an jima. Saura kwana tara a miƙa kundi, kuma wanda malaminsa bai sa masa hannu ba sai baɗi, yana ji yana gani 'yan ajinsu su tafi bautar ƙasa.

Ran Litinin da hantsi ta shiga madafa tana karanta wa Gwaggo Batulu babi na huɗu. Gwaggo ƙanwar Alhaji ce, daga Damri take zuwa duk mako ta taya dafa abincin baƙi. Ta saurara har ƙarshe, muciya na hannunta.

"To, 'yar boko, fatauci ya tsaya ke nan?"

"Kashi ɗari bisa ɗari, Gwaggo."

"Madalla. To ni wannan tuwon mutum talatin, aljannu nika tuƙa ma? Ko daga sama sunka faɗo da kanwarsu?"

Husaina ta waiwaya. Ta tagar madafa tana hango buhunan kanwa jibge a jikin katanga, da ragunan Agali suna cin harawa.

Ba ta yi gardama ba. Ta hau kabu-kabu zuwa shagon buga takardu, ta juya jimlolin nan ashirin kowace ta koma kishiyar ta da. Bayan la'asar ta sake zama a bakin zaure, ran nan da washegari, ta bi duk wanda ta samu cikin mutanen farko.

"Rufe iyaka bai taɓa fatauci da komai ba."

"Haka yake, ɗiyar maigida."

Ta ajiye biro. "Baba Agali, wancan makon kun ce ya tsayar da shi."

Tsohon ya dubi Alhaji Jibo, Alhaji ya dubi rufin zaure. Sannan Agali ya yi 'yar dariya a bayan rawani.

"Shekara talatin ina cin tuwon gidanga. Ki faɗi magana a zauren ubanki, gabanai, in ce miki ba haka ba? Wa ya haife ni? Ai ba tambaya kinka yi ba, faɗi kinka yi."

"To yanzu ina tambaya. Yaya kunka zo?"

Nan ya gyara zama. Har aka kira magariba bai gama ba. Ya faɗa mata tafiyar kwana biyu ta koma biyar, manyan motoci sun tsaya, raƙumi ya dawo da daraja. Masu ƙaramin ƙarfi sun daina zuwa, ya lissafa sunayensu. Saƙo kuwa daga fatoma zuwa fatoma yake tafiya: wane gari za a sauka, wa zai tsaya maka can. Ta cika shafi goma sha ɗaya, kuma ba akwatin da zai ɗauki ko layi guda.

Ran Laraba ta shiga ofishin Dakta Bello, suka gaisa, ta ɗora tulin takardu biyu a teburinsa. Tana sane da cewa in ta yi shiru da na biyun, digirinta na hannu.

Ya karanta na dama, ya karanta na hagu, ya cire tabarau.

"Wa ya sa ki wannan? Aikinki ya kammala, ke kika kwance shi. Kwana bakwai, Husaina! Malamin da zai zo daga waje lambobi yake nema, ba hirar zaure ba. Kuma ina gwamnati a ciki? Mu hulɗar ƙasashe muke karantarwa."

"Malam, gwamnatocin ba sa magana da juna. Babana da Baba Agali ba su fasa ko mako guda ba. In wannan ba hulɗa ba ce, a ba ni sunanta in rubuta."

"Ki miƙa na farkon. Ba wanda zai sani."

"Gwaggona ta sani."

Ya yi kamar zai yi dariya, ya fasa. Idonsa ya kai kan kantar littattafai, inda nasa kundin yake, mai baƙin bango da rubutun zinariya. Husaina ta taɓa aronsa. A Maradun ya yi binciken, kuma a shafin godiya ya gode wa kawunsa, mai unguwar da ya tara masa mutane a ƙofar gidansa. Kashi casa'in da shida cikin ɗari na mutanen sun yarda ƙwarai. Ta bi idonsa da nata, shi kuma ya ga ta bi.



"Tuli biyun nan duka su shiga babi na huɗu," in ji shi. "Gefe da gefe. Babi na biyar ki faɗi dalili, ki sa maganar tsohon nan da bakinsa. Ba zan ƙara miki ko yini ɗaya ba. In baƙon malamin ya yi miki kaca-kaca, ke kika jawo."

"Na ji, Malam."

Ya jawo takardar amincewa ya sa hannu, ya tura mata. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Ran Talata mai zuwa madugun zai zo?"

"In Allah ya yarda."

"Ki faɗa wa Alhaji zan shigo."

"Sai dai ku same shi a kasuwa, Malam," in ji Husaina. "In kuka shiga zaure kun zama baƙon maigida, kome kuka faɗa haka yake."