Abin da Ke Cikin Kaluluwa

Kalilu wanzami ya shekara arba'in yana tsaga kaluluwa a Jandutsi, amma abu ɗaya ya shige masa duhu. Ƙurji in ka tsaga, mugunya ce ke fita. Kaluluwa kuwa jini kawai. To me ke kumbura ta? Bai taɓa tambayar kowa ba, don wanzami mai yawan tambaya ba ya samun kai.

Ran nan aka miƙo masa jikarsa Sakina, 'yar wata tara, da kaluluwa a hammata, kwana goma bayan allurar rigakafi. Ya gama wasa aska ke nan sai ga Raihana, autarsa mai karatu a jami'ar Aliero, ta sauko daga mashin.

"Baba, don Allah kak ka tsaga ta! Aiki a kai cikinta."

"Aikin mi?"

Ta durƙusa ta yi masa bayani. Ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta ne suka taru a wurin suna hayayyafa, kowace na gwada nata makami a kan abin da allura ta kawo. Wadda nata ya kama ta rayu, sauran su mutu.

"Kamar irin albassa," in ji Kalilu. "A watsa da yawa, a dashe masu ƙarhi. To wa ka ce musu su taru?"

Raihana ta yi dariya, don kan wannan ta faɗi jarrabawa bara. Ta ce wani sinadari ne cikin ƙwayar, sunansa BCL6. Shi ke danne umarnin da zai sa ta daina haihuwa ko ta fita kafin ta ƙware. In ta ƙware, wani mai suna Blimp-1 ya danne shi, ta fita yaƙi, kumburi ya sace.

"In bai sace ba hwa?"

"Sai asibiti Jega, ba aska ba."

Kalilu ya ɗora yatsa kan kullutun, a hankali, irin taɓin da bai saba ba. Daɗi ya kama shi, yau ya ji amsa. Ya naɗe aska ya tura cikin zabira, ya miƙa yarinya ga uwarta.

"Raihana," ya ce, bai dube ta ba, "waɗanda nit tsaga hwa?"