Kunun Rumaisa

Ubaidullah Jumare yana fitowa daga masallacin Ƙuba bayan la'asar 'yarsa Nadiya ta kira daga Kanada. Makarantar jikarsa Rumaisa ta ce kowane yaro ya kawo al'adar gidansu ta lokacin sanyi. Maƙwabtansu 'yan Hindu ne. Duk Janairu sukan zana ƙofar gida da garin shinkafa, su dafa shinkafa da madara har tukunya ta yi ambaliya, yara na tafi. Rumaisa ta ce in ba ta da nata, nasu za ta bi.

Ubaidullah ya yi tsaki. Mutane su tsallaka teku don su ɓarar da madara! Ya ce a kai dabino da gahawa. Nadiya ta ce gidajen Larabawa uku sun riga su.

"Baba, mu mene ne namu?" ta tambaya da Larabci, don shi ne kaɗai harshen da ya bar musu.

Mutumin nan shekara talatin a cikin Larabawa yana gadin gidansa kada Hausa ta shiga. Daddawa ma ya kore ta, wai kada maƙwabta su shinshino asalinsa. Amma jikarsa a gindin tukunyar wasu? Abin ya ƙona masa rai.

Ya ja mota zuwa unguwar Jurf, gidan yayarsa Innayatu, wadda rabonsa da ita tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta saurare shi ba ta ce ya zauna ba. Ta tuna masa kunun gyaɗa da tsohuwa ke damawa da safiyar sanyi, kowa da ludayinsa a bakin ƙwarya, shi ne ma mai lashe ta. Ta yarda ta koya wa yarinyar.

Ya kira su Nadiya ta bidiyo ya riƙe wayar, Innayatu da ɗaurin zane tana tace gyaɗa tana bayani da Hausa. Rumaisa ta matso da fuska, ta daɗe tana kallo.

"Jaddi, wannan 'yar aikinku ce?" ta tambayi kakanta da Larabci.

Nadiya ta yi salati. Ubaidullah ya ji kunya ta rufe shi. Innayatu ta ajiye matacin, ta goge hannu a zane.

"Ka ba ta amsa mana, Ubaidu," ta ce. "Da Larabci, yadda za ta gane."